FRITZ!Box 7590: shekara guda da shi a kan layin tagulla mai rigima

A watan Disamba a nan Dortmund, kafin ƙarfe biyar na yamma an yi Magariba, shida da 'yan mintuna an yi Isha'i. Shida da rabi Maman Ummi ta zauna gaban kwamfuta da Alƙur'aninta, yara bakwai na jiranta ta bidiyo: uku a Ingila, biyu a Italiya, sauran a nan Jamus. Duk 'ya'yan mutanenmu ne da iyayensu ke tsoron kada su tashi ba su iya ko Fatiha ba. A hunturun bara sai intanet ɗin gidanmu ya tsiri wata ɗabi'a. Da rana lafiya lau. Da an fara karatu sai hoto ya daskare, yaro ya tsaya baki buɗe a tsakiyar aya, fitilar modem ta shiga ƙyaftawa, sai an yi minti biyu ko uku kafin layi ya dawo. Wani daren sau huɗu.

"Baban Ummi, ko ka gyara abin nan ko in koma koyarwa ta waya," in ji ta. "Iyaye sun fara magana."

Modem ɗin da muke da shi a lokacin na haya ne, daga kamfanin da ke ba mu intanet. Fitilu yake da su kawai, kore da ja, ba ya gaya maka komai bayan haka. Na kira su, aka ce in cire shi daga wuta, in ƙirga goma, in mayar. Na mai da wannan al'adata ta kowace safiya kafin in fita aiki, har mako biyu. Ashe ƙara dagula lamarin nake yi, amma zan zo kan wannan.

Tun 1 ga Agustan 2016 dokar Jamus ta ba kowa damar jona na'urar da ya ga dama a layinsa, kamfani kuma dole ya ba ka bayanan shiga. Da wannan dama na nemi FRITZ!Box 7590, wani modem mai haɗe da rautar Wi-Fi, ƙirar kamfanin AVM na Berlin, wanda ya fito kasuwa a 2017. Na hannu na saya, Yuro 95, wajen wani da aka kawo wa unguwarsu layin gilashi, wato fiber. Fari ne da ratsin ja, faɗinsa kamar tire ɗin shayi. Bayansa akwai ramin wayar DSL, wato intanet ta layin tarho, ramukan LAN huɗu masu gigabit na jona kwamfutocin gida, ramin WAN guda na karɓar intanet daga wani modem, wurin jona tarho, da USB biyu a jikinsa. Haɗa shi bai ci mini minti goma sha biyar ba: ka jona waya a soket ɗin tarho na bango, ka rubuta fritz.box a burauza, ka zaɓi kamfaninka, ka sa lambobinka. Wannan ɓangaren ba shi da labari.

Labarin yana wani shafi da ake kira DSL-Informationen, don nawa da Jamusanci yake magana. Ni ba injiniyan tarho ba ne. Lantarki na karanta a kwalejin fasaha a Kaduna, yanzu kuma injuna nake gyarawa a wata masana'anta, amma lambobi ba sa ba ni tsoro. Daren farko da na buɗe shafin na kai ƙarfe ɗaya ina kallo, kamar wanda aka daɗe ana gulmarsa a bayan labule sai yau aka yaye.

Ga yadda layin yake. Zaren gilashi ya zo har wani akwati mai ruwan toka da ke bakin titinmu. Daga nan zuwa ɗakinmu a hawa na uku tsohuwar wayar tarho ce ta tagulla, sili biyu a murɗe, wadda na'urar ta kiyasta tsawonta da mita 450. A kan wannan tsohuwar waya ake tura megabit 100 a sakan da fasahar VDSL2. Tsarin da layina ke kai, 17a, yana amfani da zango irin na rediyo har kusan megahaz 17.6, an yayyanka shi siraran hanyoyi 4,096, kuma sau 4,000 a kowane sakan ake aika sabon saƙo ta cikinsu. Duk wanda ya girma yana murɗa rediyo da asuba don ya kamo sashen Hausa a kan mita 19 ko 25 ko 31, to a wannan fili dai intanet ɗina ke kiwo. Wayar kuwa ba ta da wani sulke. Eriya ce mai tsawon rabin kilomita, duk tartsatsin da injin wanki ko lif ko wata caja ta banza ta yi, tana ji.

To yaya modem ke kare kansa? Tsohuwar dabara ita ce warwatsa kaya. Ka ɗauki dillalin tumatir a Kwanar Gafan da zai tura kwandunan mutum goma zuwa Mile 12 a Legas. Idan ya zuba na kowa a mota guda, ranar da mota ɗaya ta kife, mutum ɗaya ya karye gaba ɗaya. Idan kuwa ya rarraba kwandunan kowa a motoci goma, asarar mota ɗaya kwando kaɗan ce daga kowa, wadda gyaran da aka saba ɗorawa a sama zai cike. Haka modem ke yi: yana ƙara wa kowane ƙunshin bayanai 'yan lambobin gyara, da lissafin Reed da Solomon na tun 1960, sannan ya cuɗanya ƙunshe-ƙunshen kafin ya aika, don tartsatsi ɗaya ya ɗan gutsuri kowanne kaɗan, ba ya cinye guda ɗungurungum ba. Sai dai dabarar na da farashi biyu. Ba mai karɓar kayansa sai motar ƙarshe ta iso, wannan jinkiri ke nan. Kuma dole a sami rumfar tara kaya a nan da can, wannan shi ne memori.

Rumfar nan ƙarama ce ƙwarai. Ƙa'idar VDSL2 ta hukumar sadarwa ta duniya ITU, mai lamba G.993.2, wadda ta fito a 2006, ta ware wa tsarin 17a bayit 98,304 na abin da za a iya riƙewa a hanya saboda wannan cuɗanyawa, na sauka (abin da ke shigo maka) da na hawa (abin da kake turawa) a haɗe. Hoto ɗaya da ake turo maka ta WhatsApp sau da yawa ya fi haka nauyi. Na ɗauko biro na yi lissafi a bayan ambulan: bayit 98,304 sau takwas, bit 786,432 ke nan. A gudun megabit 100, cikin ƙasa da milisakan 8 rumfar ta cika. A megabit 50 kuwa za ta ɗauki kusan milisakan 16. Wato gudu da kariya daga tukunya ɗaya suke ci. In kana son a warwatsa kaya da faɗi don tartsatsi mai tsawo, sai ka rage gudu, in ba haka ba wuri ya ƙare. Abin da aka ba hanyar sauka kuma an hana hanyar hawa. Duk lokacin da modem ya kunna, cikin mintunan nan da fitila ke ƙyaftawa, ciniki yake yi da akwatin bakin titi a kan yadda za a raba wannan ɗan wuri.

Sabuwar dabara, G.INP, ta fito a 2010 da lamba G.998.4, kuma ita ce a kunne a layina. Ban fahimce ta sosai ba sai da na zauna ina sauraron Maman Ummi tana biya wa wata yarinya. Ta karanta aya, yarinyar ta maimaita daidai, a wuce. In ta yi tuntuɓe, wannan ayar kaɗai ake komawa. Haka G.INP take: mai aikawa yana ajiye kwafin abin da ya tura na ɗan lokaci a cikin memorin, mai karɓa yana ba da amsa, wanda ya lalace kaɗai ake sake turowa. In layi na shiru, ba wanda ya jira kowa. In tartsatsi ya zo, a jira 'yan milisakan a wuce. A nan ne amfani da memorin ke bin yanayin layi da kansa: kullum yana nan a shirye, amma jinkirin sai ranar buƙata ake biyansa. Shafin ya nuna mini kariyar tartsatsi sama da 40 a hanyar sauka, wato zai iya jure lalacewar saƙo arba'in a jere, kimanin milisakan 10. Na taɓa buɗe wannan shafi a gidan wani abokina da ke wani ƙauye mai tsohon layi ba G.INP: kariyarsa 2, jinkirinsa kuwa milisakan 8, dare da rana, ko da tartsatsi ko babu.

In haka ne me ya sa layina ke yankewa? Amsar na can ƙasa kaɗan a shafin. Akwai abin da shafin ke kira Störabstandsmarge, wato tazarar da ke tsakanin muryar layi da hayaniyar da ke kewaye da shi. Da rana desibel 6 nake gani. Shida da rabi na yi sai ta faɗo zuwa 2, zuwa 1, lambar ƙunshe-ƙunshen da aka sake turowa ta yi tashin gwauron zabi, sai waɗanda aka kasa gyarawa su fara taruwa, sai ɗif. Wannan ba tartsatsi ba ne mai zuwa ya wuce, hayaniya ce da ta zo ta zauna. In kowace aya sai an maimaita, ai karatu ya tsaya.

Ƙa'idar ta tanadi maganin wannan. Akwai hanyar da modem da akwatin titi za su rage gudu ko su ƙara ana cikin aiki ba tare da an yanke layi ba, har su sauya zurfin cuɗanyawar ta yi daidai da sabon gudun. A shafin sunanta Nahtlose Ratenadaption. A layina an rubuta mata aus, a kashe. Ba na'urata ce ta kashe ta ba, daga can bakin titi ake kunna ta, kuma wannan na hannun mai layi. Abin da ke kunne kawai shi ne musayar kaya tsakanin siraran hanyoyin nan, a ɗauke daga wadda hayaniya ta kama a ɗora wa ta kusa, wanda ke taimakawa in matsalar ƙarama ce. Ma'ana, cinikin da aka ƙulla lokacin kunnawa shi ke nan har sai an sake kunnawa. Ka ga inda na cuci kaina: kowace safiya ƙarfe biyar da rabi, gari shiru, ina cirewa in mayar, modem ya ga layi tas ya ƙulla ciniki a kan gudu mafi girma. Da dare ya yi sai alkawarin ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya sa na ce kuɗina ba su tafi a banza ba shi ne wani ɗan shafi mai suna Störsicherheit. Maɓallai ne da ake ja, kowanne da mataki biyar, daga iyakar gudu zuwa iyakar ƙarko: na tazarar hayaniya, na jure tartsatsi, da na gano katsalandan irin na rediyo. Da su kake gaya wa modem yadda zai yi cinikin. Na ja na tazara mataki biyu zuwa ɓangaren ƙarko, layi ya yanke ya sake haɗuwa, don kowane canji sai an sake zama teburin ciniki. Gudu ya sauko daga megabit 93 zuwa 80, tazara ta hau kusan 10. Daren nan an yi karatu daga farko har addu'ar tashi ba a yanke ba. Washegari ma haka. Megabit goma sha uku da na sadaukar ba wanda ya ji rashinsu a gidan, don kiran bidiyo 'yan megabit kaɗan yake ci, abin da ba ya yafewa shi ne yankewa.

Da na tsaya nan da an wuce wurin. Amma shafin ƙididdiga na ci gaba da nuna mini tsaunin kurakurai kowane dare daga shida da rabi zuwa takwas da rabi, kuma na riga na yanke hukunci a raina ko wane ne mai laifi. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bajamushiya da ke hawa na biyu, ta lulluɓe barandarta da fitilun Kirsimeti tun ƙarshen Nuwamba, masu ƙyalli da kashewa, daidai inda nake zaton wayar tarho ta bi ta hau. Har na tsara Jamusancin da zan yi mata, mai ladabi amma mai nauyi.

Allah Ya taimake ni na ce bari in fara samun hujja. Ina da wata 'yar rediyo mai batir da na zo da ita daga gida, wadda Ummi ke yi wa dariya. Tun ƙarshen 2015 manyan gidajen rediyon Jamus suka bar matsakaicin zango, saboda haka ba wuya ka sami gurbin da ba kowa. Na murɗa ta can, na sauka matakala na tsaya ƙofar tsohuwa kamar ɓarawo. Shuuu kawai, ba wani abu. Na hauro, na buɗe ƙofarmu, sai rediyo ta fara zzzz. Ina matsawa falo tana ƙara tsananta. Da na kai ta kusa da teburin karatu sai ta koma kamar injin markaɗe.

Fitilar Maman Ummi ce. Irin mai da'irar nan ta masu ɗaukar bidiyo, wadda ni da kaina na yi mata oda da araha a watan Nuwamba saboda yara na cewa ba sa ganin bakinta. Cajarta na jone a soket ɗin da ke dab da na tarho, wayoyinsu ma a cukurkuɗe suke a bayan teburi. Tana da matakin haske uku, kowanne da kalar kukansa a rediyo, shi ya sa duk sanda ta ƙara haske ko ta rage layi ke sake rikicewa. Ta ɗaga kai daga Alƙur'ani ta dube ni, ta dubi rediyon.

"To, Malam, ita ma maƙwabciyar ce ta sayo?"

Na sauya cajar da wata mai kyau ta tsohuwar waya, na raba wayoyin, na mai da fitilar ɗaya bangon. Tsaunin ya baje a daren.

Saura abu ɗaya da na'urar ta nuna mini amma ba ta iya yi mini komai a kansa ba. A saman shafin akwai iyakar gudun da akwatin titi ya yarda ya ba ni, kuma na tarar an rage ta. Kamfanoni da yawa na da kwamfutar da ke lura da layuka, in ta ga layi na yawan yankewa sai ta ɗaure shi a ƙaramin gudu don ya zauna. Ba ta san bambancin yankewar hayaniya da ta mai gida da ke zare fulogi kowace asuba bisa shawarar ma'aikatansu ba. Na mai da maɓallan nan wurinsu na asali, na ɗaure hannuna na daina taɓa komai. Sai da aka yi makonni kafin iyakar ta fara hawa, kaɗan-kaɗan, kamar mai bin bashi da ba ya son yafewa. Duk wanda zai sayi wannan na'ura don yana zaton za ta ƙwato masa gudu da ƙarfi, ya sani ita mai ciniki ce, ba mai kasuwa ba. Mafi ƙarancin kariya, mafi yawan jinkiri, iyakar gudu, duk daga bakin titi ake gindaya su, a cikin wannan da'ira take rawarta.

Sauran abubuwanta a taƙaice. Wi-Fi ɗinta ya ratsa ɗakunanmu uku ba matsala, amma na ƙarni na biyar ne. Mai son sabo akwai 7590 AX na 2021 mai Wi-Fi 6, da 7690 na 2024 mai Wi-Fi 7, da tsadarsu. Tana ɗaukar tarho marar waya har guda shida, ni ɗaya na haɗa. Tana iya tsarin 35b mai kaiwa megabit 300, ko da yake a mita 450 ban sa rai da rabin labarin ba. Manhajarta na sabunta kanta da dare. Abin da nake ganin an gaza a kai shi ne shafin lambobin nan: an zuba su ne kamar sakamakon gwajin jini, ba wanda zai ce maka wannan lambar ita ce ciwonka. Da a ce akwai layi ɗaya da zai ce "hayaniya na shigowa kullum ƙarfe kaza, duba abin da kake kunnawa a lokacin", da na huta da zargin baiwar Allah. Sabuwa kuma ta yi tsada ga wanda layinsa ba ya rigima. Irin wannan ya zauna da na haya, ba abin da zai ƙaru da shi. Mai sayen na hannu ya gwada zangon Wi-Fi ɗinta biyu, na gigahaz 2.4 da na 5, kafin ya miƙa kuɗi, ya kuma tambayi takardar saye, don garantin shekara biyar ake ba su.

Wani ƙanena a Zariya da ya ga hotonta ya ce in aiko masa da irinta. Na ce a'a. Wani kaso na kuɗinta na modem ɗin tagulla ne, wayoyin tarhon zamanin NITEL kuwa wa ya san inda suke yanzu. Ba ta da ramin sim. In yana da layin gilashi za ta yi masa aikin rauta ta ramin WAN, amma wannan sayen doki ne don a ɗaure a turke. Ita ta mutanen Jamus ce da maƙwabtanta da har yanzu mita ɗari huɗun ƙarshe na intanet ɗinsu ke bin tsohuwar waya ta cikin ginshiƙin gini.

Bana ma tsohuwa ta rataya fitilunta, har ta ƙara wani barewa mai ƙyalli. Na buɗe shafin ƙididdiga a daren da ta kunna su: tazara 6, kurakuran da aka kasa gyarawa sifili, kwana 41 rabon layi da yankewa. Da Maman Ummi ta soya cincin na ƙarshen zangon karatu, na ce a zuba a roba a kai mata hawa na biyu. Ta yi ta godiya, tana tambayar Ummi ko wani biki ne muke yi.